Labarin Zuciya a Tambayi Fuska: Tarihin Wadatar Zuci Daga Degel Zuwa Duwatsun Mubi



Bahaushe kalma ɗaya gare shi da yake auna fuska da hali da aiki da ita, wato "kyau". Yarinya tana da kyau, damina ta yi kyau, wane ya kyauta. Amma da yake ya san kalmar tana iya ruɗar mutum, sai ya raba ta gida biyu, akwai kyan gani akwai kyan hali. Wanda ya samu na farko ya rasa na biyu, shi ake ce wa mai kyan ɗan maciji. Sannan ya ƙara da cewa labarin zuciya a tambayi fuska, ma'ana abin da ke ciki ba ya ɓoyuwa, komai yawan hodar da aka shafa. Wannan magana tana da tarihi, akwai mutanen da suka rayu a kanta da sunayensu da shekarunsu, kuma ƙasarmu ta Mubi tana cikin wuraren da aka jarraba ta jarrabawa mai tsanani. Tarihin ke nan da za mu bi yau.

Kakanninmu ba su ƙi ado ba

Kada wani ya ɗauka mutanen da ba su damu da kwalliya ba. Lokacin da Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus, suna kuma gangarowa Adamawa. A watan Yuni na shekarar ya biyo ta Uba da Mubi a kan hanyarsa ta zuwa Yola. Ashe tun a wancan zamani turkuɗi da baƙin rawani mai ƙyalli suna yawo a kasuwannin wannan yanki. Mata kuwa suna da lalle da kwalli da kitso da turaren wuta, amarya ba ta fita sai an yi mata gyaran jiki.

Abin lura shi ne matsayin da aka ba adon. Duk gidan da za a nemi aure, tsofaffi ba sa fara tambayar hasken fatar yarinya. Tambayarsu ita ce 'yar gidan wa ce, yaya take da baƙo, tana da fara'a ko kullum fuskarta a murtuke. Haka shi ma namiji, ana binciken ko mai wadatar zuci ne ko mai ido a kan abin hannun mutane. Daga nan aka samu karin maganar da ke cewa shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. Mai gida talaka da ya tarbe ka da murmushi ya fi mai kuɗin da ya shimfiɗa maka kilishi yana harararka.

Shehu da ƙaninsa Abdullahi

Wanda ya mayar da wannan ɗabi'a ta zama darasin da ake karantarwa a fili shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya zauna da jama'arsa a Degel ta ƙasar Gobir. Cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su, kamar yadda ya zo a Kitabul Farƙ, akwai ɗora wa talakawa haraji ba bisa ƙa'ida ba da nutsewa cikin ƙawa da jin daɗi. Ruwayoyin da almajiransa suka bari sun nuna cewa shi kansa tufafinsa kaɗan ne, kuma yana tufka igiya don ya ci daga gumin hannunsa. Bayan an ci Alƙalawa a 1808, mulkin ƙasa mai faɗi ya zo hannunsa, amma sai ya raba aikin gudanarwa tsakanin ɗansa Muhammadu Bello da ƙaninsa Abdullahi, shi ya koma Sifawa yana karantarwa da rubutu, har ya rasu a Sakkwato a 1817.

Labarin Abdullahi ya fi nuna inda haɗarin yake. Ana cikin yaƙi, wajajen 1807, ya lura cewa waɗansu daga cikin mutanen da suka fito don gyara sun fara karkata ga neman sarauta da dawakai da manyan riguna. Abin ya dame shi har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar aikin hajji. Da ya iso Kano jama'ar garin suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a, a nan ya rubuta Liya'ul Hukkam, daga baya ya koma gida. Damuwar tasa kuwa ya adana ta a cikin Tazyinul Waraƙat. Abin da ya gani shi ne nasara kanta tana iya cinye mai ita idan zuciyarsa ba ta san "ya isa" ba. Mutanen da talauci da gudun hijira ba su karya su ba, ganima ta kusa karya su. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wannan karatu ya iso mana ta hannun Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga wajen Shehu, ya zauna Gurin, daga baya ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847. Sunansa jiharmu take ɗauke da shi, kuma har yau laƙabin da aka fi kiransa da shi na malanta ne, domin "modibbo" a Fillanci malami ke nan.

Abin da Nana Asma'u take yabawa

Idan ana neman shaidar yadda mata suke auna kyau a wancan zamani, babu kamar waƙoƙin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ba a cikin daula ta tashi ba. Tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. A ƙarshen shekarar aka yi yaƙin Tsuntsuwa, inda jama'ar Shehu suka rasa mutane kimanin 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Yunwa da cuta suka biyo baya. Yarinyar da ta ga wannan duka ita ce ta girma ta zama mai rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajoji, ta ɗora musu malfa, ta tura su ƙauyuka su karantar da mata.

Cikin rubuce-rubucenta, waɗanda Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997, akwai marsiyyoyi da ta yi wa mutanen da suka rasu. Ba manya kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa maƙwabciyarta, ta yi wa matar da ke taimakon masu haihuwa, ta yi wa ɗaya daga cikin jajojinta. Abin da take tunawa da su shi ne haƙuri da kyauta da sakin fuska da sulhunta mutane da kula da marasa lafiya. 'Yar Shehu, matar Waziri Giɗaɗo, ga ma'aunin da ta bar wa tarihi na abin da ke sa mace ta zama abar kewa bayan ta tafi. Kuma mai wannan ma'auni ta san baƙin ciki tun tana ƙarama, don haka ba za a ce jin daɗi ne ya sa take maganar fara'a ba.

Ƙasar da aka yi ta sauya wa tuta

Mu dawo gida. Kwaja da sauran garuruwan kan tsaunukan Mandara suna zaune ne a wurin da noma ba ya yiwuwa sai da haƙuri. Mutanen dutse sun jera duwatsu hawa-hawa suna tare ƙasa da ruwa, kowace shekara a gyara abin da damina ta rushe. Irin wannan aiki ne, tare da sauran al'adun wurin, ya sa hukumar UNESCO ta sanya Sukur ta ƙasar Madagali cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Wanda ya gaji gonar da kakansa ya gina da dutse ɗaya-ɗaya ba sai an fassara masa cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa ba.

Ta fuskar mulki kuwa, ƙasashe kaɗan ne aka juya kamar tamu. A farkon ƙarni na 20 Turawa suka raba Adamawa, Ingila ta ɗauki Yola a 1901, Mubi ta faɗa hannun Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta koma riƙon Ingila, daga baya ta zama ƙasar amana ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1959, aka sake a watan Fabrairu na 1961, ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya shiga Nijeriya da sunan Lardin Sardauna, Mubi ce hedikwata. A 1976 muka zama Gongola, a 1991 muka zama Adamawa. Tsohon da aka haifa a Kwaja zamanin Jamus, idan Allah ya ba shi tsawon rai, ya ga tutoci uku ba tare da ya ƙaura daga gidansa ba. Iyakar da aka shata ta raba Gude da Fali gida biyu, wani a Nijeriya ɗan uwansa a Kamaru. Duk da haka ba a fasa cin kasuwa tare ba, ba a fasa auratayya ba. Mutanen da suka ɗora kwanciyar hankalinsu a kan wanda ke mulki da tuni sun haukace. Namu sun ɗora shi a kan gona da zumunci da ibada, abubuwan da ba sa canzawa idan an canza tuta.

Wani abin sha'awa, ɗaya daga cikin Turawan mulkin da suka yi aiki a Adamawa, Anthony Kirk-Greene, wanda ya rubuta tarihin lardin a 1958, shi ne daga baya ya yi nazari a kan wane ne mutumin kirki a wurin Bahaushe, aka buga a Amurka a 1974. Ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Mai karatu ya sake duba jerin. Babu dukiya a ciki, babu sarauta, babu farar fata ko dogon hanci.

Wadatar zuci ba mutuwar zuciya ba ce

A nan dole a yi hattara, domin akwai masu amfani da kalmar haƙuri su rufe bakin wanda aka zalunta, akwai kuma malalacin da ke fakewa da ita. Rayuwar Malam Aminu Kano ta isa amsa. An haife shi a 1920, yana cikin jagororin NEPU da aka kafa a 1950, ya yi kwamishinan tarayya a zamanin Janar Gowon, ya jagoranci PRP a jamhuriya ta biyu. Ya riƙe muƙaman da wasu suka yi arziki da irinsu, amma ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983 a gidansa na Gwammaja bai bar tarin dukiya ba. Gidan nan ne yau ake kira Mambayya, cibiyar nazari a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Waɗanda suka san shi suna tuna farar rigarsa marar ado da barkwancinsa a wajen lacca. Shekara talatin yana faɗa da zalunci, kuma abin da ya ba shi ƙarfin faɗan shi ne babu abin da za a saye shi da shi. Mai wadatar zuci yana neman halalinsa, yana neman haƙƙinsa, abin da ya bari kawai shi ne auna kansa da abin hannun wani. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Jarrabawar 2014

Duk abin da aka faɗa a sama zai iya zama labarin littafi da ba don abin da ya same mu ba. A farkon Oktoba 2012 aka kashe ɗalibai da dama a Wuro Patuji. Ranar 1 ga Yuni 2014 bam ya tashi a Kabang. Ranar 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, gari na biyu mafi girma a jihar, suka sauya mata suna. Jama'a suka watse da ƙafa, wasu suka hau duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru, wasu suka nufi Yola. Mutanen Kwaja da Gella da Sahuda ba sa buƙatar a ba su labarin waɗannan kwanaki. Wajen tsakiyar Nuwamba sojoji da mafarauta da 'yan banga suka ƙwato garin.

Abu biyu ya kamata tarihi ya riƙe. Na farko, yawancin waɗanda suka gudu Yola ba a sansani suka zauna ba, gidajen mutane ne suka ɗauke su, wani ɗan uwa wani ma ba a san shi ba. Malaman Musulunci da na Kirista da Jami'ar Amurka da ke Yola suka haɗa hannu wajen rabon abinci. Bishop Stephen Mamza ya buɗe harabar majami'ar Saint Theresa ga dubban mutane, kuma da aka gina wa waɗanda suka rage gidaje a Sangere Marghi, har da masallaci a ciki don Musulmin da ke tare da su. Wanda zuciyarsa ke cike da "ba zai ishe ni ba" ba ya raba kwanon tuwonsa da baƙi goma.

Na biyu, mutane sun dawo. Sun tarar da shaguna a fashe, bankuna a rushe, gonaki an bar amfani ya lalace. Aka share, aka buɗe. Kasuwar shanu ta Mubi ta koma ci, manyan motoci suka ci gaba da lodi zuwa kudu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa suka koma karatu. Sai kuma aka sake jarraba mu, ranar 21 ga Nuwamba 2017 bam ya tashi a masallaci a Unguwar Shuwa ana sallar asuba, mutane kimanin 50 suka rasu, ranar 1 ga Mayu 2018 wasu biyu suka sake tashi. Washegarin kowace musiba an yi jana'iza, an yi ta'aziyya, sannan an koma masallaci an koma kasuwa. Aka ci gaba da ɗaura aure, ana sa wa amare lalle, ana raɗa wa jarirai suna. Babu wanda ya manta da mamatansa. Abin da jama'a suka ƙi shi ne su miƙa wa maƙiyi sauran rayuwarsu bayan abin da ya riga ya ɗauka. Idan ana maganar zaɓar farin ciki, to ga shi nan a aikace.

Sai dai a faɗi gaskiya, ba kowa ne ya fita lafiya ba. Akwai waɗanda har yau ba sa barci, akwai masu firgita da ƙarar tayar mota, akwai wanda ya daina magana da mutane. Wannan ciwo ne kamar hawan jini, ba raunin imani ba ne, kuma ce wa mai shi "ka yi haƙuri kawai" bai isa ba. A zauna da shi, a saurare shi, a kai shi asibiti. Akwai asibitin tarayya na masu larurar ƙwaƙwalwa a Maiduguri, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Yaƙin da ke cikin wayoyinmu

Yau barazanar ta sauya kama. Yarinya a Kwaja tana buɗe TikTok ko Instagram ta ga fuskokin da manhaja ta goge ta haskaka, ta dubi madubi ta raina halittarta. Saurayi yana ganin sa'ansa a jikin motar da wataƙila ma ba tasa ba ce, ya ji gonar ubansa ta zama abin kunya. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man sauya launin fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Da yawa daga cikin mayukan bilicin suna ɗauke da zaiba da wasu sinadarai masu sa fata ta yi siriri, ciwo ya ƙi warkewa, ƙoda ta lalace. Kuɗin da za a sayi abinci mai gina jiki da shi ake sayen cuta.

Likitoci ma sun gaskata karin maganar kakanninmu. Damuwa mai tsawo tana hana barci, tana tayar da ƙuraje, tana sa gashi zubewa, tana tsufar da mutum kafin lokacinsa. Tun a 1862 wani likita Bafaranshe mai suna Duchenne ya nuna cewa murmushin gaske yana motsa naman da ke kewaye da ido, na dole kuwa a leɓe yake tsayawa. Shi ya sa ko yaro ƙarami yana gane wanda ke murna da zuwansa. Kowa a cikinmu ya san wata tsohuwa a unguwarsu, fuskarta duk tamoji, ba ta da zinariya ko ɗaya, amma gidanta ba ya rabuwa da mutane. Ya kuma san wani mai hali da kowa ke kauce wa hanyarsa.

Iyaye mata, ku lura da abin da kuke yabon 'ya'yanku da shi a gabansu. Idan kullum fara ake kira kyakkyawa, baƙar tana ji, kuma wata rana za ta nemi mai. Samari masu neman aure, ku ne kasuwar wannan mai, ranar da kuka daina tambayar haske za a daina sayensa. Malamai da shugabannin ƙungiya, a sa wannan magana cikin wa'azi da taron matasa, a kuma riƙa ba yara tarihin garinsu, domin yaron da ya san abin da iyayensa suka tsallake a 2014 ba zai raina kansa saboda hoton wani ba. A yi wanka, a yi kitso, a sa lalle da turare, a ɗinka sabon kaya ranar salla gwargwadon hali. Mahaƙurci mawadaci.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da Kwaja da Mubi da Nijeriya baki ɗaya lafiya. Allah ya azurta mu da wadatar zuci. Amin.